Daɓe Biyu a Falon Hajia Bilkisu

"Ni fa, in dai maganar daɓen ɗaki ce, daga Nima har Mamobi, ka haɗa da Sabon Zango, babu mahaluƙin da zai buɗe baki a gabana. Da tafin ƙafa nake karanta katako. In na taka sau ɗaya sai in gaya maka sunan itacen, da dajin da aka saro shi, da ko mai saran ya sha koko ran nan ko da yunwa ya fita."

Wannan da ka ji yana ɓarin zance, abokina, Iddrisu ke nan, ɗan Mma Bilkisu ta bayan kasuwar Nima. Shi ya raɗa wa kansa suna Kwantirakta, kuma in ka kira shi da sunan yanka sai ya yi kamar da wani kake. A bes yake wannan jawabi, wato benci biyun nan na jikin shagon aski, inda samari da waɗanda suka ƙi yarda sun tsufa ke shan ataya, shayin nan na 'yar buta, tun hantsi. In ka tambaye ni gine-ginen da Kwantirakta ya yi, tsakanina da Allah zan gaya maka: sau ɗaya ya taɓa raka wani magini East Legon, unguwar masu kuɗi, ya riƙe masa bakin tef ɗin awo. Daga ranar ya sayi hular kwano ruwan ɗorawa, ya soke fensir a kunne, aka rasa zaman lafiya a unguwa.

Abin da ya ƙara hura masa kai a bana shi ne an ba shi aiki na gaske. Mahaifiyarsa za ta tafi Makka, kuma ka san halin Zango: ranar da mahajjaci ya sauka, duk wanda ya taɓa yi masa sallama sai ya zo karɓar dabino da kurɓin zamzam. A falon gida za a tarbi jama'a. Falon kuwa simintinsa ya farfashe, ledar da aka shimfiɗa a kai tun marigayi maigidan yana raye ta yayyage har tana kama yatsan mutum. Wansa Abdul-Wahab, wanda ke tuƙin tasi a Amurka kuma shi ke ɗauke da gidan, ya bugo waya ya ce a canja daɓen kafin tsohuwa ta dawo.

"Iddi, buɗe kunnenka da kyau," in ji shi. "Baɗi zan ɗora bene a kan gidan nan. In ka yi falon nan yadda ya kamata, kai za ka kula da ginin. In ka yi irin naka da ka saba, Wadia zan ba."

Wadia ƙanwarsu ce, mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi. Duk saƙon da ya fito daga Amurka a hannunta yake sauka, kuma abin nan yana ci wa Iddrisu rai ba kaɗan ba. A bes shi ne sarkin dariya, amma in ya tuna yarinyar da ya goya ita ake nema in za a yi maganar gida, sai abinci ya fita ransa. Benen nan shi ne damarsa. So yake ya tsaya da hular kwano a saman gidan ubansa, duk Nima ta ɗaga kai ta gan shi.

Ranar tafiya, Mma Bilkisu ta kira shi ta kama hannunsa.

"Iddi, katako nake so. Na gaske, odum, irin na gidan babana a Kumasi. Gwiwoyina sun gaji da sanyin siminti. Kada in dawo in tarar ka shimfiɗa mini roba."

"Mma, je ki yi ibadarki. Odum za ki taka, wanda jikokin jikokinki za su gada."

Motarsu ba ta ko kai unguwar Kanda ba wayarsa ta yi ƙara. Abdul-Wahab ne.

"Laminet za ka sa, irin na ɗakina nan. Katako gara za ta cinye shi, ga wahalar gogewa. Kada ka biye wa Mma."

"Haba Bra! Ni da kaina laminet ne a raina. Wa ke sa katako yanzu in ba ɗan ƙauye ba?"

Laminet, in ba ka taɓa gani ba, wasu siraran falankai ne na kamfani. Garin katako ake matsewa, a manna masa hoton itace a sama, bakin wannan yana shiga na wancan ƙwas, ba ƙusa ba gam. To ga Kwantirakta ya ce wa mutum biyu an gama. In ya saɓa wa wansa, babu bene. In ya saɓa wa tsohuwa, nan ma babu bene, don Abdul-Wahab ko ƙusa ba ya bugawa a gidan sai ta ɗaga kai.

Ya kai maganar bes. Nan aka rabu gida biyu, ana ta musu kamar ranar ƙwallo. Wasu suka ce odum, har abada yana nan. Wasu suka ce laminet, ga sheƙi ga saurin aiki. Wani direban trotro, wato motar haya, ya ce a zuba tayil a huta, aka yi masa caa har ya ɗauki kofinsa ya koma ƙarshen benci. Iddrisu ya bari suka gaji, sannan ya zare fensir daga kunne ya ƙwanƙwasa hularsa.

"Matsalarku ƙwaƙwalwarku ɗaki ɗaya ce. Tawa bene ce. Wa ya ce sai an zaɓa?"

Amininsa Basit, mai dafa atayan bes, ya tsaya da buta a sama. "Cale, abokina, me kake nufi?"

"Falo zan raba biyu. Rabin gabas odum, rabin ƙofa laminet. Mma a waya za ta gani, Bra a waya zai gani. Waya kuwa inda ka juya ta nan take kallo."

"To in Mma ta dawo fa? Ai ba a waya za ta zauna ba."

"Basit, Basit. Ka taɓa ganin wanda ya dawo daga Makka ya yi faɗa a makon farko? Da zuciyar Makka za ta dawo, komai ta gani sai ta ce alhamdulillahi. Kafin zuciyar Nima ta dawo mata, na riga na kafa ginshiƙan bene."

Har mai aski ya leƙo ya ce wallahi wannan kan bai kamata a bar shi a rana ba. Iddrisu ya ɗauka yabo ne.

Aka sauke kaya, odum a kura, laminet a kwalaye. Basit ya ce a nemo kafinta.

"Kafinta? Ni in kira kafinta? Ai sai a ji a gari!"

Ya kulle falo, daga shi sai Basit, ya buɗe wani bidiyo a waya inda wani Bature mai gemu ke shimfiɗa daɓe yana bayani da wani yare da ko Turanci ba ne. Iddrisu yana gyaɗa kai yana cewa "Haka ne, haka ne," kamar tare suka yi makaranta. Da aka zo inda Baturen ya bar ɗan fili kamar kaurin yatsa tsakanin katako da bango, sai Kwantirakta ya fashe da dariya.

"Ka ga ragon banza! Ya bar wa kyankyaso hanya. Ƙasarsu ba kyankyaso shi ya sa. Mu a Nima matsewa za mu yi, ko allura kada ta shiga."

Ni ma daga baya na ji cewa filin nan ba na ado ba ne. Katako in ya sha danshi buɗewa yake, sai an bar masa wurin miƙe ƙafa. Amma wa zai gaya wa Kwantirakta? Da guduma ya bi kowane falanki yana dannawa jikin bango, har fenti yana zubowa. Odum ɗin kuma ko mai bai shafa masa ba, ya ce Mma na gaske ta ce, ba mai kwalliya ba.

Da ɓangarorin biyu suka haɗu a tsakiya sai ga wata sabuwa. Odum ya fi laminet kauri nesa ba kusa ba, falo ya zama hawa biyu. Basit ne ya fara gano haka, da babban yatsansa, yana ɗauke da tiren ataya. Kofuna suka yi gabas, shi ya yi yamma.

"Wayyo yatsana! Cale, ka gina matakala a tsakar falo!"

"Ai gwajin bene ne. Tashi ka ɗauko dogon kafet ɗin nan na ɗakin Mma."

Aka shimfiɗa kafet a kan mahaɗar, magana ta rufu.

Sai kiran waya. Mma Bilkisu ta kira daga masaukinsu, fuskarta ta cika gilashin wayar, hanci a gaba. Iddrisu ya durƙusa a ɓangaren gabas, ya juya waya ƙasa, ya ƙwanƙwasa katako da yatsa.

"Kin ji, Mma? Kin ji muryarsa? Odum ke nan, uban itatuwa."

"Kai, masha Allahu! Iddi, ashe kana da rana? Allah ya yi maka albarka. Na sa ka a addu'a a gaban Ka'aba."

Maganar nan ta shige shi. Ya daɗe bai ji ta sa masa albarka da sunansa shi kaɗai ba, sai a haɗa shi da sauran a ce Allah ya shirye ku. Sai da ya share ido da bayan hannu. Amma ko hawayen bai bushe ba ya tsallaka kafet ya kira Amurka, ya kwantar da waya a kan laminet tana ɗaukar sheƙi.

"Yauwa! Ka ga abin da nake faɗa maka?" in ji Abdul-Wahab. "Kamar ɗakina. Tsaya, tsaya, bari in haɗa Mma a layin ta gani da idonta, ta daina maganar katakon nan."

"Bra, kada ka dame ta, tana ɗawafi..."

Ina! Kafin ya rufe baki fuskar tsohuwa ta faɗo gefen ta wansa. Gumi ya karyo wa Kwantirakta. In ya nuna gabas ya mutu, in ya nuna yamma ya mutu. Sai ya ɗaga wayar saitin fuskarsa, ya buɗe baki rabi, ya kafe ido, ya daskare ƙam kamar netwok ya tsaya. Ko numfashi ya daina.

"Iddi? Iddi! Ya tsaya," in ji Mma. "Netwok ɗin Nima ke nan."

Abdul-Wahab ya matso da ido. "To amma Mma, in netwok ne, ya aka yi fanka take juyawa a bayansa?"

Iddrisu ya danna jan maɓalli da babban yatsa, ya kashe wayar gaba ɗaya. Da yamma ya aika musu da murya cewa batir ne ya mutu. A bes kuwa ya ba da labarin a matsayin nasara, har ya tashi ya gwada musu yadda ya daskare, aka tafa masa.

Saura 'yan kwanaki alhazai su sauka, Wadia ta iso ƙofar falo da rundunarta: gwaggonni, matan haya na gidan, maƙwabta, kowace da bokiti da tsintsiya, zane a ɗaure a ƙugu. Ka san mu a Zango ba a tarbar mahajjaci da ɗakin da aka shafa wa tsumma. Wanka ake yi wa ɗaki. A kwarara ruwan omo, a dirje da tsintsiya, a kora shi waje ta ƙofa, a sake kwarara na ɗauraya.

Iddrisu ya buɗe musu yana hura hanci. Wadia ta tsaya a bakin ƙofa, ta dubi nan, ta dubi can.

"Bra Iddi, wannan fa? Falo ɗaya, kala biyu?"

"Sabon yayi ne. Duk manyan gidajen Dubai haka suke. Ke da kike cikin hayaƙin waakye ina za ki sani?"

"Yoo. Ni ba ruwana, ku da masu gida. Abin da nake tambaya, wannan abin naka yana son ruwa? In ba ya so mu goge da tsumma kawai."

Gaskiyar magana, Kwantirakta bai sani ba. Bidiyon Baturen bai kai nan ba datarsa ta ƙare. Amma ga mata sun fi goma sun zuba masa ido, ga ƙanwarsa ta tambaye shi a gabansu. Ya ce bai sani ba? Gara a ce ya faɗi a kasuwa.

"Ruwa? Wannan daɓen? Ko babban gwatan Nima ne ya ɓalle ya biyo ta nan, sai dai ya gaishe shi ya wuce. Ku zuba! Ku kira tanka in kuna so!"

Suka zuba kuwa. Bokiti na bin bokiti, kumfa har idon sawu, ana dirza ana waƙa. Can wata gwaggo ta ɗaga tsintsiya ta tsaya.

"Ikon Allah! Ku duba, ruwan ba ya fita ƙofa. Shanyewa yake!"

Haka ne kuwa. Ruwan yana bin tsagin falankai yana sulalewa ƙasa, yana kwanciya a kan tsohon siminti. Bakin Iddrisu ya riga tunaninsa.

"Otomatik ne. Da kansa yake shanye ruwansa. An daina wahalar kora."

"Saa? Da gaske? Kai, zamani!" in ji matan. Da suka ji ba sai sun kora ba, suka ƙara masa ɗauraya har sau biyu don ya ji daɗi. Wata ma ta ce in mijinta ya samu hali Kwantirakta za ta kira. Da suka gama, Iddrisu ya mayar da kujeru da kafet, ya rufe tagogi ruf, ya datse ƙofa don kada yara su taka masa aiki. Ruwa da zafin Accra suka zauna a ciki su kaɗai, ba mai damunsu.

Ranar sauka, gida ya tashi da hayaniya. 'Yan uwa cikin fararen kaya suka cika motoci, samarin bes suka hau babura, aka nufi filin jirgi. A tsakar gida an kafa rumfa, tukwane suna tafasa. Iddrisu ya ce shi zai tsaya ya buɗe falo ya sa turare. Ya sha farar shadda sabuwa dal, ya ɗora hular kwano a kai, don kada baƙi su yi ta tambayar wa ya yi aikin.

Ya murɗa makulli ya tura. Ƙofar ta ɗan yi gardama, ya sa kafaɗa ta buɗe. Wani tururi mai warin jiƙaƙƙen kwali ya daki fuskarsa. Ya leƙa, ya rafka salati.

Odum ya sha ruwa ya ƙoshi ya buɗe, bango ya hana shi gaba, sai ya juyo ya tura maƙwabcinsa. Laminet shi ma ya kumbura kamar burodi a shayi, ba shi da wurin gudu, sai ya yi sama. A tsakiyar ɓangaren ƙofa ga wani tudu ya taso, tsayinsa ya kai gwiwar yaro, teburin tsakiya yana kansa a karkace.

Iddrisu ya waiga. Masu girki suna can suna fama da tukwane, ba wadda ta gani. Ya faɗa ciki da sauri ya mayar da ƙofa ya rufe.

"Ƙaramin abu ne," ya ce wa kansa. "Iska ce ta shiga. Dannawa ɗaya ne."

Ya hau tudun da ƙafa biyu. Tudu ya kwanta, ɓam! Kafin ya yi murmushi ya ji ɓam a bayansa. Ya juya, ga shi ya fito gindin taga. Ya je can ya taka, ya ɓullo gaban talabijin. Ya bi shi, ya koma inda ya fara.

"Ni za ka raina wa hankali? Ni Kwantirakta?"

Ya jawo doguwar kujera ya danne wuri ɗaya. Ya turo firji ya danne wani. Ya kwaso buhun shinkafar baƙi ya ɗora a na uku. Duk inda ya toshe, tudun sai ya nemi sabon wuri ya leƙo. Shadda ta jiƙe sharkaf, ta manne masa a baya, gwiwoyin wando suka yi baƙi. Daga ƙarshe ya rutsa shi a tsakiya. Ya hau hannun kujera, ya gyara hular kwano, ya yi bisimilla, ya diro da duk nauyin tuwon da ya ci a duniya.

Ɓaram!

Ya tashi yana dafe da ƙugu. Ya duba gabas, ya duba tsakiya, ya duba gindin taga. Babu tudu. Ya ɗaga hannu biyu sama.

"Allahu akbar! Wa ya ce ba ni ba? Injiniyoyin Jamus ma sai su zo su ɗauki darasi!"

Daidai nan ya jiyo hon ɗin babura daga bakin titi, da kabbara, da guɗa. Hajia ta iso. Ya kakkaɓe riga, ya kunna turare, ya nufi ƙofa da murmushin tarba. Sai ya yi tuntuɓe. Ashe tudun bai tafi ko'ina ba. Bayan ƙofa ya koma ya yi zamansa, ya tokare ta daga ƙasa. Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, irin mai hana ɓarayi, kuma ciki take buɗewa. Ya ja, ko motsi. Ya taka tudun, ya ƙi kwanciya, don duk sauran wuraren da zai gudu Kwantirakta ya danne su da kaya. Ya dubi tagogi, kowace da ƙarafunanta.

Tsakar gida ta cika maƙil. Ga liman, ga dattawan unguwa, ga mata ana ta rungumar Hajia Bilkisu, ita kuma tana murmushi sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Wadia ta ƙwanƙwasa.

"Bra Iddi, buɗe! Hajia ta gaji, rana tana dukan mutane."

"Ina zuwa! Turare nake sawa!"

Aka jira. Ta sake bugawa.

"Turaren bai gama kama labule ba!"

"Wane irin turare ne wannan? Buɗe mana!"

"To... ku ɗan tura daga nan. Ƙofar ce take jin kunyar baƙi."

Basit da samarin bes suka haɗa kafaɗa. Ɗaya, biyu, suka daka. Daga ciki aka ji ƙaras-ƙaras, laminet yana karyewa yana ƙara cushewa a ƙarƙashin ƙofa. Suka sake, ta ƙara ƙamewa. Liman ya ce a bari haka kada a rushe gidan marayu.

Hajia ta ratsa jama'a a hankali, tana dafa gwiwa, ta zagaya wajen taga. Iddrisu ya so ya ja labule, ta riga shi sa hannu. Ta leƙa. Ta ga firji a tsakar falo, buhun shinkafa a kan daɓe, kafet ya naɗe gefe, mahaɗar nan ta fito fili, odum a can, wani abu mai ɓarewa kamar kwali a nan. Ta ga ɗanta a tsaye da hular kwano, gumi yana ɗiga daga haɓarsa.

"Sannu da sauka, Mma. Ya hanya? Ya mutanen Makka?"

"Iddi, wancan na gane shi, odum ne. Wannan na bakin ƙofa fa?"

Kafin ya haɗa ƙarya, Wadia ta iso da waya a hannu. Tun daga filin jirgi Abdul-Wahab yake kan layi yana kallon tarba.

"Me ke faruwa ne? Wadia, nuna mini falon!"

Ta zura hannu ta cikin ƙarafuna, ta juya wayar a hankali daga bango zuwa bango. Wannan karon ba fuskar da za a daskarar.

"Iddi! Laminet ɗina a tsakiya ya ƙare? Wancan katakon na wane ne?"

"Nawa ne," in ji Hajia. "Kai ne ka sa shi ya shimfiɗa mini roba?"

"Ni ya ce mini katako na 'yan ƙauye ne!"

"Ni ce 'yar ƙauyen?"

Tsakar gida ta ɗauki salati, wasu suna toshe baki da mayafi. Iddrisu ya kama ƙarfen taga da hannu biyu.

"Ku tsaya a fahimci juna. Aikin ba shi da laifi. Ƙasar Nima ce take motsi, an daɗe ana faɗa a rediyo. Ni ma bincike na shigo yi..."

"Wadia," in ji Abdul-Wahab, muryarsa a sanyaye, "in hidima ta lafa ki nemo magini. Benen ke za ki kula da shi."

Maganar ta sauka a ƙirjin Iddrisu kamar taɓarya. Ya ji zafinta har cikin ransa, don ya san wannan karon ba wanda ya yi masa sai bakinsa. Ya saki ƙarfen taga.

Aka kawo wa Hajia kujera ƙarƙashin rumfa, tarba ta koma tsakar gida. Baƙi suka yi layi. Kowa in ya gaishe ta ya karɓi dabinonsa, sai ya ɗan ratse ta wajen taga.

"Kwantirakta, sannu da aiki."

"Kwantirakta, ya zaman ciki?"

Gwaggon nan mai tsintsiya ta leƙa ta ce, "Otomatik, har kai ya shanye?"

Basit dai amini ne. Tausayi ya kama shi, ya je ya durƙusa gaban Hajia.

"Hajia, bari in hau babur in ɗauko mai walda daga Mamobi. Yanzu zai yanke ƙarfen taga a fito da shi."

Hajia Bilkisu ta tsiyaya zamzam a ɗan kofi, ta zaɓi dabino mai kyau, ta tashi da kanta ta miƙa wa ɗanta ta tsakanin ƙarafuna. Ta tsaya har ya shanye, ta karɓi kofinta. Sannan ta juyo wajen Basit, da murmushin wadda ta dawo da zuciyar Makka.

"A'a, ɗana, kada ka wahalar da mai walda, sai baƙi sun watse. Shekara arba'in ina bin mutane ina tambaya ina Iddi ya shiga. Yau dai na san inda yake."